Harajin rami: kuɗin da muke biya kullum ba a ba mu tikiti



Ina aiki a Maraɗi, ina kwana a ƙauye. Shekara huɗu ke nan ina wannan kai da kawo. Daga ƙofar gidanmu zuwa siton hatsin da nake riƙe wa lissafi kusa da babbar kasuwa kilomita 38 ne: 14 jar hanya, 24 guduro. Wanda ya duba taswira cikin wayarsa zai ce tafiyar minti arba'in ce. Ni da nake yin ta, ranar da na taki sa'a awa ɗaya da rabi nake yi. Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa, tun ban fito ba nake kiran maigidana in ba shi haƙuri.

Abokaina na birni sukan ce, "Kai ma ka kama ɗaki mana ka huta." Na so hakan. Amma Baba ya rasu, Inna ta manyanta, ga gona, ga ƙannena biyu a lakwal. Idan na tare a birni, wa zai kwana da su?

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigar Maraɗi da ƙarfe bakwai na safe, ta wajen Tibiri ko ta hanyar Ɗan Isa ko ta gabas, ya ga abin da nake faɗi. Mata masu nono, masu zogale daga Jiratawa, magina da leburori, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, marasa lafiya da masu jinyarsu, duka suna shigowa. A lokacin ne kuma malaman makaranta da ma'aikatan likita ke fita zuwa ƙauyukan da aka tura su. Ranar Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, abin sai wanda ya gani. Haka yake a Damagaram ga mutanen Mirya, haka yake a Tawa, haka yake a Yamai ga masu shigowa daga Kolo. Sama da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke zaune, kuma birni da safiyar kowace rana da ƙafafunsu yake tashi.

Bari mu yi lissafi, tunda lissafi ne sana'ata.

Daga garinmu zuwa bakin guduro, kabu-kabu dala ɗari ne da rani. Daga nan zuwa tasha, Hiyas dala ɗari. Zuwa da dawowa jika 2 ke nan. Idan na yi kwana 22 a wata, na kashe jika 44. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jika 42 ne. Ma'ana, lebura ɗan garinmu da ke karɓar wannan albashi, in ya ce kullum zai kwana gida, sai ya ci bashin jika 2 kafin ya sayi ko tiya ɗaya ta hatsi. Da damina kuwa ɗan kabu-kabu jika guda yake karɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Na sha sauka in taya shi tura babur cikin taɓo.

Da farko nakan zagi direbobi a zuciyata. Sai wata rana na samu gaban mota, muka yi hira da direbanmu. Muna zuwa wani rami da kowa ya sani, ya sauka daga guduro gaba ɗaya, ya bi ta gefen gonar mutane, sannan ya hau. Ya dube ni yana dariya ya ce:

"Malam, wanga rami ya girmi ɗana na hwari. Sanda munka hwara ganin shi, hular kwano na ruhe shi. Yanzu ɗan nan na lakwal, rami ko sai haihuwa yakai."

Na ce, "To ku ma ai kun cika tsada."

Ya ce, "Tsaya in ba ka lissahi. Watan jiya taya biyu na canza. Sifirin ya karye, kwana ukku ina garaji ban ga ko dala ba. Hanyag ga ba ta barin ka wuce giya ta biyu, mai sha takai kamar raƙumi. Mai mota na jiran nashi da marece. Ina zan hiddo su in ba jikinku ba?"

Gaskiyarsa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ake saye a bakin hanya ya daina zama mai arha, kowace lita da rami ya sa aka ƙona a banza tana da zafi. Direba ba daga aljihunsa zai biya ba. Zai ƙara wa fasinja, ko ya cusa mutum 25 a motar mutum 19, ya ɗora buhuna da awaki a sama. Fasinja in ɗan kasuwa ne ya ƙara wa kayansa. Mai saye na ƙarshe, wato kai da ke karanta wannan rubutu a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko wata unguwa ta Yamai, kai ma ka biya.

Wannan shi nake kira harajin rami. A peyaji direba yana biya, a miƙo masa tikiti. Harajin rami kuwa babu majalisar da ta zauna ta amince da shi, babu ma'aikacin da ke karɓar shi, babu asusun da yake shiga. Yana tafiya cikin taya da ta fashe, da tumatir da ya dame kafin ya iso kasuwa, da kwandon ƙwai da ya koma rabi, da ɗalibin da ya iso bayan an rufe ƙofar jarrabawa, da ciwon bayan da ke damun duk wanda ya shekara yana hawa kabu-kabu bisa gargada. Kuma talaka ya fi kowa biyan shi, don mai babbar mota mai sanyi ko jin girgizar ba ya yi.

Mun saba cewa "hanya ta tsufa", kamar muna maganar tsohuwar da kwananta ya zo. Ni ma haka nake cewa, har ranar da na zauna da wani dattijo a garinmu wanda ya yi aikin hanya da ma'aikatar ayyuka, wadda ake kira Tepe, tun zamanin Kunce. Na ce masa, "Baba, hanyarmu dai tsufa ya kama ta." Ya girgiza kai.

"Ɗana, hanya ba ta mutuwat tsuhwa. Ruwa ka kashe ta, shi ko ruwa sai an ba shi ƙohwa."

Ya yi mini bayani, na kuma je na bincika na tarar haka abin yake. Guduron da muke gani a sama ɓawo ne kawai, aikinsa ya hana ruwa taɓa jar ƙasar da aka daddanne a ƙarƙashi, wadda ita ce ke ɗaukar nauyi. Rana ta gasa ɓawon nan shekara da shekaru, ya bushe, ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan damina ya bi tsagar, ƙasar ƙarƙashi ta jiƙe ta yi laushi, babbar mota ta taka, wurin ya lotsa. Damina ɗaya, tsaga ta zama rami. Damina uku, ramuka sun haɗe. Akan tsara hanyar guduro ta yi shekara 15 zuwa 20, amma da sharaɗin ana liƙe tsaga, ana yashe magudana, ana sabunta ɓawon sama a kan kari. In an yi haka sai ta wuce wa'adinta. In ba a yi ba, ko rabinsa ba za ta kai ba, kuma sake gina ta ya ninka kuɗin kula da ita sau da yawa.

Jar hanya ta fi buƙatar hannu. Iska da tayoyi suna kwashe ƙasarta kowace shekara. Tana son a riƙa kankare ta da katafila don gargada ta kwanta, tsakiyarta ta fi gefe tudu yadda ruwa zai gangara, bayan ƴan shekaru kuma a ƙara mata sabuwar ƙasa. Tamu tun da aka yi ta ban taɓa ganin katafila a kanta ba. Yau tsakiyarta ta fi gonakin gefe zurfi. Da an yi ruwa, ita ce magudanar.

Dattijon ya ce a zamaninsu akwai ma'aikatan da aka raba wa hanya, kowa da yankinsa, da shebur da diga. Akwai kuma shingen ruwa: in an yi ruwa mai yawa sai a tare jar hanya na wasu awoyi, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta tsane. Ya ce, "Mun sha zagi wurin direbobi. Amma hanya ta kwana lahiya."

Sai maganar lodi. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ta fi ƙarin nauyinta saurin hawa. Idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16. Shi ya sa tirela guda da aka yi wa lodin ganganci ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Tun 2005 ƙasashen UEMOA, har da tamu, suka amince da doka mai lamba 14 wadda ta ƙayyade nauyin manyan motoci. Dokar na nan a takarda. Duk wanda ke bin hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi ya ga motocin da ke tafiya a karkace saboda kaya, shi zai faɗa maka ko tana aiki.

Duk wannan maganar kuɗi ce, kuma da a kuɗi abin ya tsaya da ban yi wannan rubutu ba.

Daminar 2024 ƙanwata ta zo gida goyon ciki, haihuwar fari. Naƙuda ta kama ta bayan isha'i, ana tsakar ruwa. Muka kai ta likitar garinmu. Ungozomar likita ta duba ta, ta fito ta ce mini, "Ɗan ya gicciye. Wannan sai Maraɗi, sai an yi mata aiki. Kada ku ɓata lokaci." Ta kira ambilans da kanta, kuma ambilans ta taso. Amma tsakaninmu da guduro akwai ƙorama, a cikinta akwai radiye, simintin nan da ake shimfiɗawa don mota ta bi ko ruwa na gudu. Damina uku ke nan da ruwa ya cinye gindinsa ya karya rabinsa, ƙarafa a waje. Ambilans ta zo ta tsaya a wancan ƙetare. Muna hango fitilarta.

Muka ɗora yarinyar nan a amalanke har bakin ruwa. Inna na riƙe da kanta tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, ga mota can, ga ta can." Ruwa na gudu har ƙirjin mutum, babu wanda ya san inda siminti ya ƙare, inda rami ya fara. Muka jira. Wajen ƙarfe uku na dare ya ɗan ja baya, samari shida suka ɗauke ta bisa ƙyauren ɗaki suka ƙetare da ita, ni ina gaba da sanda ina laluben wurin taka ƙafa. Mun shiga Maraɗi gari na wayewa. Likitoci sun yi abin da za su iya. Ita ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Tun zamanin Tandja Mamadu doka ta ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne. Doka ce mai kyau, ta ceci mata da yawa. Amma matar da ke bayan ƙorama sai ta ƙetare kafin kyautar ta same ta. Ma'aikatan lafiya da kansu suna faɗa cewa jinkirin isa asibiti na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata da jarirai wurin haihuwa.

Mutane sun zo gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, kuma mun yi haƙuri. Amma radiyen nan mutum ne ya gina shi, mutane ne kuma suka gan shi a karye damina uku suka wuce, ni ma ina cikinsu. Sau biyu a rana nake bi ta kansa, ban taɓa rubuta wa kowa takarda ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

A cikin wannan watan na Agusta 2024 ne ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, har da ta Doso a daidai Sorey. Ƙasa duka ta ɗauka, manya suka je wurin, injina suka fito, ba a daɗe ba motoci suka ci gaba da wucewa. Haka ya kamata a yi, babban birni ne. Abin da nake tambaya: garuruwa nawa ne ake yanke su haka kowace damina, sati guda ko fiye, ba wanda ya ji? Abin da ya zama labarin duniya a Yamai, a garinmu sunansa watan takwas.

Ba za a ce ba a kashe kuɗi kan hanyoyi a ƙasar nan ba. An kashe. Mun ga bukukuwan 18 ga Disamba suna zagayawa: Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An shimfiɗa tituna, an kafa fitilu, birane sun yi kyau, ni ma na ɗauki hoto. Yamai ta samu gadojin sama da gada ta uku bisa kogi. Amma kwalliyar a bakin gari ta tsaya. Kuma shekara goma bayan Maraɗi Kwalliya, kowa ya duba unguwarsa ya faɗi da kansa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

An buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a 2014. An shimfiɗa layin dogo na wajen kilomita 140 har Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016. Wa ya taɓa sayen tikiti ya hau shi zuwa aiki? Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da uraniyom, an bar ta ta lalace har direbobi suka gwammace su bi rairayin gefenta. Yanzu muna jiran jirgin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Allah ya kawo shi lafiya, ina cikin masu murna. Amma ayar Cadawa da waken Mayahi da raken Matamai ba cikin tashar jirgi ake noma su ba. Sai sun bi jar hanya irin tamu kafin su ga jirgi.

Abin da na fahimta shi ne muna son sabon abu, ba mu son riƙon abin da muke da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabuwar hanya tana da ranar biki, da makaɗa, da ƙyallen da za a yanka, da allo mai sunan wanda ya kawo ta. Yashe magudana ba shi da biki. Ba wanda ake wa kirari don ya liƙe tsaga. Masu ba da bashi da tallafi daga waje su ma gini suka fi biya, kula da hanya sukan bar wa ƙasa. Ga mu kuwa da ke yawan maganar diyaucin ƙasa a ƴan shekarun nan, ga wurin gwada shi: gyaran hanyarmu aiki ne da babu baƙon da zai zo ya yi mana.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, don haka bari in riga su. Za a ce ƙasar tana da faɗi, murabba'in kilomita 1.267.000, garuruwa a warwatse. Za a ce ana yaƙi, tsaro na cin kuɗi, an sha takunkumi a 2023. Duka gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma wanda ba shi da kuɗin sabuwar riga shi ya fi kowa buƙatar allura da zare. Ƙarancin kuɗi hujja ce ta kula da abin da ke hannu. Kuma maganar tsaro ma hanya ce. Mutanen yankin Madarunfa da Gidan Rumji sun san abin da ake ji idan mota ta mutu a daji bayan magariba. In an kawo hari, motar jami'an tsaro ma ta kan wannan karyayyen radiye za ta bi.

Mu ma da namu laifin, kada mu ɓoye. Mu ke zuba shara da leda cikin magudana har ta toshe, ruwa ya hau titi. Mu ke haƙar ƙasar bulo a gindin hanya. Mu ke noma har cikin ramin da aka bari don ruwa ya bi. Mu ke ƙona taya bisa guduro. A siton da nake aiki, da hannuna nake rubuta adadin buhunan da ake ɗora wa mota, kuma na san sau nawa muke cewa direba, "Ƙara hamsin mana, ai tana ɗauka." Yaran da ke zuba rairayi cikin rami suna miƙo hannu, mukan jefa musu dala biyar mu ji mun yi alheri. Rairayin ruwan farko ke wanke shi, yaron kuma ranar nan bai je lakwal ba.

To mi muke nema? Ba na neman a malala guduro zuwa kowane ƙauye, na san ba zai yiwu ba. Abubuwa biyar ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, lissafi a fili. Akwai asusun gyaran hanyoyi na ƙasa, FER, wanda kuɗin peyaji ke cikin abin da ke ciyar da shi. A riƙa faɗa mana kowace shekara, jiha jiha: nawa aka tara, wace hanya aka gyara, daga kilomita nawa zuwa nawa, wane ɗan kwangila, nawa aka ba shi. A liƙa a bakin kowane peyaji, a karanta a gidajen rediyon karkara cikin harsunanmu. Ban ce an ci ba. Na ce wanda ya biya yana da haƙƙin ya gani.

Na biyu, gyara kafin ruwa. Watan huɗu da na biyar, lokacin da ƙoramu suke bushe, shi ne lokacin duba radiye da gadoji da yashe magudanu. Buhun siminti ashirin a watan huɗu yana iya hana asarar da ɗari biyar ba za su gyara ba a watan tara.

Na uku, a dawo da masu kula da hanya, daga cikin matasan garuruwan da hanyar ta ratsa. A raba musu kilomita kaɗan kaɗan, a ba su shebur da diga da baro, a koya musu, a biya su a kan lokaci. Waɗannan samari su ne ke tafiya bida da rani don babu abin yi. Iyayenmu sun yi gayya, sun yi Samariya, aikin haɗin gwiwa ba baƙonmu ba ne. Amma gayya ba ta iya zuba siminti cikin ƙorama, wannan sai da injiniya da kuɗin hukuma.

Na huɗu, sikelin manyan motoci ya yi aikinsa. Motar da ta wuce ƙima a sauke abin da ya hau, a nan take. In tara kawai za a karɓa ta wuce da kayanta, an sayar mata da izinin kashe hanya ke nan. A kuma dawo da shingen ruwa a jar hanya, ko da za mu sha jira.

Na biyar, wurin zaɓen wadda za a fara gyarawa, a ɗauko taswirar lafiya. Duk hanyar da ta haɗa likitar ƙauye da asibitin da ake fiɗa, ita ce ta farko. Wani wurin ma ba hanyar duka ke buƙatar aiki ba. Mita talatin ne cikin ƙorama ɗaya, kamar tamu.

Ku kuma ƴan uwana matasan birni, kusan kowanenmu yana da ƙauye. Can muke zuwa Sallah, can ake aiko mana da hatsi, can za a kira mu ranar da tsohuwa ta kwanta. Idan hanya ta gagara, mutane birni suke tarewa, hayar ɗaki ta hau, layin neman aiki ya ƙara tsawo. Idan hanya ta yi kyau, mutum zai iya aiki a Maraɗi ya kwana a Safo ko Sae Sabuwa, ya noma gonarsa, ƴaƴansa su tashi gaban kakanninsu. Ribar kowa ce.

Ga abin da nake roƙo. Zuwanka gida na gaba, kada ka tsaya kan tsaki. Tsaya ka ɗauki hoton wurin da ya fi muni. Rubuta sunan wurin, da kwanan wata, da damina nawa ya yi a haka, da garuruwan da ke bayansa. Ka zauna da maigari da limami da shugabar mata, ku rubuta takarda, a sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari, a karɓo shaidar an ajiye ta. Bayan wata uku a koma a tambaya. In za ka sa a Facebook ka sa, amma ban da zagi, ban da ƙarin gishiri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hukuma tana iya share koke ɗaya. Koke ɗari biyu masu hoto da kwanan wata sun fi ƙarfin a ce ba a sani ba.

Mu a garinmu mun kai tamu takarda bayan girbi. Har yanzu ba a zo ba. Da rani mun yi gayya mun jera duwatsu da buhunan ƙasa a gindin radiyen, dattijon nan na Tepe yana zaune a inuwa yana nuna mana da sanda inda za mu sa. Ya ce zai riƙe ruwa biyu ko uku, ba zai riƙe damina ba. Ranar Litinin zan sake biyawa in tambayi inda takardarmu ta kwana, kafin in wuce sito.

Ƙanwata tana da wani cikin. Lissafin ungozoma ya nuna watan takwas. Mun riga mun yanke shawara: tun watan bakwai za ta taho Maraɗi ta zauna wurin gwaggonmu a Bagalam har ta sauka. Mu muna da gwaggo a birni. Matan garinmu da yawa ba su da kowa.

Wace hanya ce taku, kuma damina nawa ta yi a haka? Ku faɗa mana sunanta.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.